Barthel, Rankin, FIM ko Fugl-Meyer: da wanne za a auna sauƙin mai shanyewar ɓarin jiki?

Ka tambayi mai shanyewar ɓarin jiki "yaya jiki?", amsar da za ka samu ita ce "da sauƙi", ko da kuwa ba ya iya juyawa a kan gado sai an juya shi. Ladabi ne da tawakkali, ba kuma laifi ba ne. Sai dai likitan fisiyo da ke son sanin ko atisayen wata biyu ya yi amfani, da 'yar da ke tunanin ko za ta iya komawa aiki ta bar mahaifiyarta ita kaɗai da rana, "da sauƙi" ba ta ishe su yanke shawara ba. Don haka aka ƙirƙiri ma'aunai masu maki. Suna da yawa, kuma ma'aikacin lafiya a Kaduna, ko yana babban asibiti irin Barau Dikko ko yana ƙaramin wurin gashi a Tudun Wada, yakan tsaya yana waswasin wanda zai ɗauka. Ga su nan an jera su kafaɗa da kafaɗa.

Abubuwan da za a duba kafin zaɓi

Na farko, wace tambaya ma'aunin yake amsawa. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2001 ya raba al'amarin naƙasa hawa uku: abin da ya samu gaɓar kanta, abin da mutum yake iya yi wa kansa, da yadda ya koma cikin jama'a. Hannu ya buɗe yatsu, hawa na farko ke nan. Mutum ya ci tuwo da kansa, na biyu. Ya koma shagonsa a Kasuwar Barci, na uku. Ma'auni ɗaya ba ya ɗauke duka ukun.

Na biyu, kuɗi da lokaci. Yawancinsu kyauta ne, tsadarsu minti nawa suke ci a ranar da layi ya kai bakin ƙofa.

Na uku, ƙarko, wato tsawon lokacin da ma'aunin zai ci gaba da nuna canji. Wani yana ƙurewa ta sama: mutum ya cinye maki duka alhali har yanzu bai koma daidai ba. Wani yana ƙurewa ta ƙasa: mai ciwo mai tsanani ya yi ta samun sifili mako bayan mako alhali yana ɗan motsawa.

Na huɗu, sauƙin aiki da wanda zai iya yinsa. Na biyar, haɗari, kuma iri biyu ne: haɗarin makin ya yaudare ka, da haɗarin mara lafiya ya faɗi a wurin gwajin. Akwai na shida da littattafai ba su cika kula da shi ba: duk waɗannan ma'aunan an tsara su ne a Turai, Amurka da Kanada, a gidajen da ke da masan zama, bahon wanka da matakalar bene. Dole a duba yadda kowanne yake zama a gidan da ake tsugunno, ake wanka da bokiti, ake cin abinci a kan tabarma.

Barthel

Florence Mahoney da Dorothea Barthel ne suka wallafa shi a 1965 a jihar Maryland ta Amurka. Abubuwa 10 yake dubawa, jimillar maki 100. Wanka da gyaran jiki (wanke fuska, goge baki, taje kai) kowanne 0 ko 5. Cin abinci, sa tufafi, riƙe bayan gida, riƙe fitsari, shiga banɗaki da hawa matakala kowanne 0, 5 ko 10. Tashi daga gado zuwa kujera da tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri kowanne 0, 5, 10 ko 15. Cikakken makin tafiya sai ga wanda ya yi yadi 50, kusan mita 45, ba tare da an riƙe shi ba. Sanda ba ta rage masa maki.

Misali: dattijon da yake ci da kansa amma sai an gutsura masa nama (5), ana yi masa wanka (0), yana wanke fuska da goge baki (5), ana taya shi sa riga (5), yana riƙe bayan gida da fitsari (10 da 10), ana raka shi banɗaki (5), yana tashi da ɗan tallafi (10), yana tafiya mutum ɗaya na riƙe da shi (10), ba ya hawa matakala (0). Jimilla 60. A rabon da aka fi amfani da shi, 0 zuwa 20 dogaro ne kacokan, 21 zuwa 60 dogaro mai yawa, 61 zuwa 90 matsakaici, 91 zuwa 99 kaɗan.

Kyauta ne, takarda ɗaya ce. Idan tambaya za a yi, minti 5 ya isa. Idan kallon mutum za a yi yana aikatawa, a ware kamar minti 20. Nas, likitan fisiyo, har ɗan gidan da aka nuna wa sau ɗaya ko biyu zai iya cika shi.

Inda ake yawan ɓata shi wuri huɗu ne. Na ɗaya, ƙa'idarsa ita ce a rubuta abin da mutum yake yi a kwana ɗaya ko biyun da suka wuce, ban da abin da ake ganin zai iya. A gidajenmu wannan yana da wuya, domin 'ya'ya da jikoki ba sa barin tsoho ya ɗaga ko moɗa. Mutum na iya sa hularsa da rigarsa amma an hana shi, sai makinsa ya tsaya cak. A irin wannan a rubuta makin gaskiya, a kuma rubuta a gefe cewa iyawa akwai, damar ce babu, domin maganin wannan yana hannun iyali. Tambayar ma tana da salo. "Baba yana iya sa kaya?" za ta jawo "eh, alhamdu lillahi". Gara a ce wa mai jinya, "Yau da safe wa ya ɗaure wa Baba tazuge?"

Na biyu, banɗaki. Wanda yake zama a kan masan asibiti ya tashi da kansa zai samu 10, ya koma gida Rigasa ya tarar da na tsugunno, ya koma sai an riƙe shi. Tsugunno yana neman ƙarfin cinya da daidaito fiye da zama nesa ba kusa ba, ga buta da tsarki, wanda idan hannun hagu ne ya shanye sai an sake koyon yadda za a yi. Kullum a rubuta irin banɗakin da aka auna da shi. Idan maki ya faɗi bayan sallama, a fara tambayar wannan kafin a ce jiki ne ya koma baya. Kujerar da aka huda tsakiyarta aka ɗora a kan masai takan dawo da waɗannan makin a rana ɗaya.

Na uku, matakala. Gidaje da yawa ba su da bene, sai mai aunawa ya sa sifili kai tsaye, makin mutum ya ƙure a 90 har abada. A gwada shi a matakalar asibiti. Na huɗu, fitsari da bayan gida. Kunya takan sa a ɓoye, musamman idan saurayi ne yake tambayar Hajiya a gaban surukarta. A sa mace ta tambayi mace, a keɓe, ko a tambayi mai wanke shimfiɗa. Wanda aka sa wa robar fitsari kuma yake kula da ita da kansa ana ba shi cikakken maki.

A kula kuma da cewa Barthel ya kasu: akwai mai maki 20 na 1988, akwai wanda aka faɗaɗa matakansa a 1989. Maki 15 a mai 20 daidai yake da 75 a mai 100. Wanda bai rubuta nau'in da ya yi amfani da shi ba ya bar wa na bayansa rikici. Canjin da ake ɗauka da muhimmanci kusan maki 2 ne a mai 20, wato kamar 10 a mai 100.

Babban rauninsa ƙurewa ta sama. Ba ya tambayar magana, tunani, girki, lissafin kuɗi ko hawa Keke Napep. Malamin makarantar da harshensa ya sarƙe yana iya cin 100 cif alhali ba zai iya tsayawa gaban aji ba. A watanni ukun farko Barthel yana aiki sosai. Bayan mutum ya haura 90, ya gama nasa.

Rankin da aka gyara

Dakta John Rankin ya fitar da shi a Glasgow ta Sikotilan a 1957, aka gyara shi a ƙarshen shekarun 1980. Lamba ɗaya ce tak daga 0 zuwa 6. Sifili, babu wata alama. 1, akwai alama amma mutum yana duk abin da ya saba. 2, ya bar wasu ayyukan da ya saba amma yana kula da kansa. 3, yana buƙatar taimako amma yana tafiya ba a riƙe shi ba. 4, ba ya tafiya ko biyan buƙatar jikinsa sai da taimako. 5, yana kwance, ba ya riƙe fitsari da bayan gida, jinya dare da rana. 6, rasuwa.

Kyauta ne, ba ya buƙatar kayan aiki, kuma ana iya yinsa ta waya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga asibitin da marasa lafiyarsa suke zuwa daga Birnin Gwari, Kachia ko Saminaka, waɗanda dawowa ganin likita kawai kan ci musu kuɗin mota mai yawa. Shi ne kuma ma'aunin da binciken magungunan wannan ciwo ya fi dogara da shi, a kwana na 90, inda ake ɗaukar 0 zuwa 2 a matsayin mutum ya tsaya da ƙafarsa.

Matsalarsa faɗin matakai. Mutum zai iya shafe wata biyu a mataki na 4 alhali ya tashi daga mai buƙatar mutum biyu zuwa mai buƙatar hannu ɗaya. Idan da shi kaɗai ake auna aikin fisiyo, sai iyali su ce ba a ci gaba, su kwashe mara lafiya su tafi wani wuri. Matsala ta biyu saɓani tsakanin masu aunawa, galibi a kan iyakar 2 da 3, da ta 3 da 4. Tambayoyi tsayayyu suna rage wannan. Don raba 2 da 3: za a iya barinsa shi kaɗai a gida na mako guda ba tare da fargaba ba? A gidan da ba a taɓa barin kowa shi kaɗai ba, sai a warware tambayar: zai iya samar wa kansa abinci, ya sha magani a kan lokaci, ya riƙe kuɗinsa? Don raba 3 da 4: yana zuwa daga ɗaki zuwa tsakar gida ba hannun kowa a jikinsa? Sanda ba ta hana shi zama 3. A kuma rubuta matakin da yake kafin ciwon, domin tsohuwar da ciwon gwiwa ya riga ya zaunar ba za ta koma sifili ba komai kyan jinya.

FIM

FIM taƙaitaccen sunan wani ma'aunin dogaro da kai ne. An tsara shi a Amurka a shekarun 1980 don cike giɓin Barthel. Abubuwa 18 ne: 13 na motsi da kula da kai, 5 na fahimta, furuci, mu'amala, warware matsala da tunawa. Kowanne daga 1 zuwa 7, jimilla daga 18 zuwa 126. Mataki na 7 cikakken 'yanci ne, 6 'yanci da kayan taimako ko ƙarin lokaci, 5 sa ido kawai, 4 mutum yana yin kashi 75 cikin 100 ko fiye na aikin, 3 rabi ko fiye, 2 kashi 25 ko fiye, 1 ƙasa da haka.

Matakai bakwai sun sa yana kama ƙaramin canjin da Barthel zai tsallake, kuma yana ganin matsalar magana da tunani. Amma yana da mai shi: wata cibiya da ke Buffalo a jihar New York ce ke riƙe da haƙƙinsa, amfani da shi a hukumance yana buƙatar lasisi da horo da jarrabawa. Yana cin minti 30 zuwa 45, kuma an gina shi ne don sashen da nas, likitan fisiyo da masanin magana suke zama tare su ba da maki. Fom ɗin da aka kwafo aka cika ba horo yana ba da lambobi masu kyan gani marasa tushe, domin bambanta wanda ya yi kashi 50 da wanda ya yi 75 na sa wando ba abu ne da ido ke yankewa haka kawai ba. Ga kuma batun shiga bahon wanka da hawa matakala 12 zuwa 14, waɗanda sai an yi musu fassara a gidajenmu. Canjin da ake ɗauka da muhimmanci a jimilla kusan maki 22 ne. A ganina, in ba sashen kwantarwa mai cikakkun ma'aikata ko bincike mai kuɗi ba, wahalarsa ta fi ribarsa. Ɓangaren motsinsa da Barthel kusan labari ɗaya suke bayarwa.

Fugl-Meyer

Wannan daga Suwidin ya fito a 1975, kuma tambayarsa daban ce: gaɓar kanta tana dawowa? Ɓangaren motsi maki 100 ne, 66 na hannu, 34 na ƙafa. Idan aka haɗa da ji, daidaito, buɗewar gaɓoɓi da zafinsu, jimilla 226, amma yawanci na motsin kawai ake yi. Kowane abu 0, 1 ko 2: bai iya ba, ya yi rabi-rabi, ya yi cikakke. Kayan aikinsa ƙwallon tanis, gudumar gwada jijiya, fensir, takarda, ƙaramin gwangwani da agogo. Kyauta ne, yana cin kamar minti 30, kuma aikin likitan fisiyo ne da ya koye shi.

Amfaninsa yana fitowa idan aka ɗora shi kusa da Barthel. Mutum na iya tashi daga 50 zuwa 85 a Barthel alhali hannun da ya shanye bai ƙara komai ba; ya dai koyi yin komai da ɗayan. Wannan ci gaba ne, amma na dabara ne. Fugl-Meyer ne zai tona haka. Ga tela, makaniki ko mai saƙa hula, wanda abincinsa ke yatsunsa, wannan ita ce tambayar da ta dame shi. Haka ga wanda hannun damansa ya shanye yake jin nauyin ci da hagu a gaban mutane. Ga wanda ya daɗe da ciwon, ƙarin maki 4 zuwa 7 a ɓangaren hannu ana ɗaukarsa canji na gaske.

Haɗarinsa biyu. Yana buƙatar mutum ya fahimci umarni, don haka mai matsalar fahimtar magana zai samu makin da bai kai ƙarfinsa ba. A nuna masa da hannu mai lafiya tukuna. Sannan kafaɗar da ta saki tana saurin rauni: ba a jan hannun, ba a ɗaga shi sama da ƙarfi don a ga iyakarsa.

Berg da gwajin tafiyar mita 10

Waɗannan biyun na masu tambayar "zai faɗi?" da "zai iya fita?" ne. Na Katherine Berg, daga Kanada a 1989, abubuwa 14 ne, kowanne 0 zuwa 4, jimilla 56: tashi daga zaune, tsayuwa ido a rufe, ɗaukar takalmi daga ƙasa, juyawa zagaye, tsayuwa da ƙafa ɗaya da sauransu. Kujera biyu, ɗaya mai hannu ɗaya marar hannu, ruler, agogo da ɗan tudun takawa sun isa, cikin minti 15 zuwa 20. Ƙasa da 45 ana ɗaukarsa alamar haɗarin faɗuwa, sai dai daga tsofaffi gaba ɗaya aka samo wannan iyaka, kuma a shimfiɗaɗɗen daɓe ake gwajin. Tsakar gida mai gargada, dokin ƙofa da kwata a bakin zaure ba sa cikin lissafi. A makonnin farko, wanda bai fara tsayuwa ba zai yi ta samun maki kaɗan ba motsi.

Gwajin tafiya ya fi kowanne arha. A auna mita 14 a baranda, a ja layi a mita 2 da mita 12, a kunna agogon waya idan ƙafa ta haye layin farko, a kashe a na biyu. A yi sau uku a ɗauki matsakaici, a raba 10 da daƙiƙoƙin. Wanda ya wuce daƙiƙa 25, wato ƙasa da mita 0.4 a daƙiƙa, mai tafiyar cikin gida ne. Tsakanin daƙiƙa 25 da 12.5 zai iya zuwa masallacin unguwa ko shagon kusa. Wanda ya yi ƙasa da daƙiƙa 12.5, sama da mita 0.8 a daƙiƙa, ya shiga sahun masu fita gari, ko da yake tsallaka titin Ahmadu Bello da yamma wani zance ne daban. A rubuta takalmin da ya sa da sandar da ya riƙe. Silifas yana zamewa daga ƙafar da ba ta ɗaga yatsu, ya ɓata sakamakon, ya kuma kayar da mutum.

Nan ne haɗarin jiki ya fi yawa. A auna hawan jini kafin a fara. Mai gwaji ya tsaya ta ɓarin da ya shanye, ɗan baya kaɗan, hannunsa kusa da ƙugu. Jiri, ciwon ƙirji ko haki mai yawa, a tsaya.

Wanda mara lafiya ke amsawa da bakinsa

Akwai ma'aunin tasirin ciwon a rayuwa, wanda ake taƙaita sunansa da SIS, daga jami'ar Kansas ta Amurka. Tambayoyi 59 ne a fanni 8: ƙarfi, aikin hannu, ayyukan yau da kullum, zirga-zirga, magana, yanayin zuciya, tunani, da shiga jama'a. An fassara shi zuwa Hausa an kuma gwada shi a Kano. Yana cin minti 15 zuwa 20, ana neman izinin masu shi, kuma ya fi amfani bayan mutum ya koma gida ya zauna. "Da sauƙi" tana iya kutsowa nan ma, don haka a karanta tambayoyin a keɓe, ba a gaban mai biyan kuɗin magani ba.

Shi kuwa ma'aunin da ake kira NIHSS, mai maki 0 zuwa 42, na likitocin gaggawa ne don auna tsananin ciwon a kwanakin farko. Ba ya cikin wannan takara.

| Ma'auni | Abin da yake aunawa | Maki | Lokaci | Kuɗi | Inda yake ƙurewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Barthel | Kula da kai | 0–100 | Minti 5–20 | Kyauta | Sama, bayan 90 | Taimakon iyali da irin banɗaki |
| Rankin | Dogaro gaba ɗaya | 0–6 | Minti 5 | Kyauta | Ba ya ganin ƙaramin canji | Saɓanin masu aunawa |
| FIM | Kula da kai, magana, tunani | 18–126 | Minti 30–45 | Lasisi da horo | Sama, ga mai ciwo kaɗan | Cikawa ba horo |
| Fugl-Meyer | Motsin hannu da ƙafa | 0–100 | Kamar minti 30 | Kyauta | Aikin yatsu mai laushi | Kafaɗa, rashin fahimtar umarni |
| Berg | Daidaito | 0–56 | Minti 15–20 | Kyauta | Ƙasa da sama | Faɗuwa |
| Mita 10 | Saurin tafiya | Mita a daƙiƙa | Minti 5 | Kyauta | Sai mai iya takawa | Faɗuwa, canjin takalmi |
| SIS | Rayuwa a idon mai ciwon | 0–100 kowane fanni | Minti 15–20 | Izini | Bai dace da kwanakin farko ba | Kunya da kara |

Wani abu da babu ko ɗaya a cikinsu da ya tambaya shi ne salla, alhali ita ce farkon abin da yawancin marasa lafiyarmu Musulmi suke auna kansu da shi. Alwala da kai, tsayuwa, ruku'u, sauka zuwa sujada da tasowa daga ƙasa sun haɗa daidaito, ƙarfin cinya da aikin hannu a wuri guda. Yana da kyau a buɗe layi a ƙasan fom: a kwance, a zaune kan kujera, a zaune a ƙasa, a tsaye da jingina, a tsaye. Ga Kirista, zuwa coci da tsayuwa lokacin waƙa. Kada dai a haɗa wannan cikin jimillar maki, domin da zarar an ƙara ko an cire abu, lambar ta daina zama Barthel, ba kuma za a iya kwatanta ta da ta wani asibiti ba.

Wanne ga wa

Sashen kwantarwa mai ma'aikata kaɗan: Barthel ranar shiga da ranar sallama, Rankin ranar sallama da kwana na 90 ta waya. Kamar minti ashirin ke nan gaba ɗaya a kan kowane mutum, kuma sun isa a san wa ke buƙatar mai jinya a gida.

Likitan fisiyo mai ganin mutum sau biyu ko uku a mako: Barthel duk mako biyu zuwa huɗu a watanni ukun farko, lokacin da sauƙi ya fi gudu, tare da ma'auni ɗaya na abin da ake aiki a kai. Idan hannu ne, ɓangaren hannu na Fugl-Meyer. Idan tafiya ce, Berg har mutum ya fara takawa, sannan mita 10.

Iyalin da ke jinya a gida: Barthel kaɗai, mutum ɗaya ya riƙa cikawa, rana ɗaya a wata, da safe kafin gajiya, a littafi guda da za a riƙa zuwa da shi asibiti. Aunawa kullum ba ta da amfani, tana ɗaga hankali ne kawai. Idan maki ya yi ƙasa a hankali, a nemi dalili: ciwon mafitsara, ƙuncin zuciya, ciwon kafaɗa ko maganin da ke sa barci. Idan kuwa faɗuwar ta farat ɗaya ce, ko baki ya sake karkacewa, ko magana ta sarƙe, ko wani sabon rauni ya bayyana, a ajiye littafin a nufi asibiti a lokacin.

Wanda ya cinye Barthel yana son komawa aiki, kasuwa ko tuƙi: SIS da gwajin mita 10, sannan a gwada shi da ainihin aikin, a ba tela allura da zare, a ba ɗan kasuwa lissafin canji.

Ɗalibi ko mai bincike a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ko Barau Dikko da ke son sakamakonsa ya zauna kusa da na sauran duniya: Rankin a kwana na 90 da tambayoyi tsayayyu, Barthel da aka bayyana nau'insa, FIM kuwa sai in akwai lasisi da waɗanda aka horar. A kan kowane fom a rubuta ranar da ciwon ya faru, ranar aunawa, sunan mai aunawa, da ko gani aka yi ko tambaya.